Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

 Ran nan da safe ina tsakar gida ina yafa mayafi, jakar littattafai a hannuna, sai maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, ina zuwa haka da kaya? Ba an ba ku hutu ba?" Na ce mata makaranta za ni. Ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Ni da nake cewa duk duniya ba wanda ya kai malamin makaranta jin daɗi, wata guda har da ɗoriya yana kwance, albashi na tafiya."

Na yi dariya na wuce, amma maganar ta tsaya mini a rai, don na san ba ita kaɗai ke wannan zato ba. Saboda haka yau nake so in ba ku labarin abin da ya riƙa fitar da mu cikin marka a wannan dogon hutu, mu malaman wata makarantar firamare a nan Sabon Garin Jega, da waɗansu 'yan'uwanmu na Aliero da Maiyama. Labarin ya shafe ku, domin 'ya'yanku ne muke zama a kansu.

Kuskuren da na yi

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Shekarar da na gama kwalejin horon malamai, bayan na yi shekara 3 ina karatu na karɓi takardar NCE, aka ba ni aji 4. Na shiga ran farko ina taƙama, na buɗe littafin karatu a shafin farko, na karanta, yara suka amsa da murya ɗaya har ɗakin yana amsa kuwwa. Na ce a raina, kai, wannan aji ai na gwanaye ne.

Haka muka yi ta tafiya har mako 6. Ran da na yi musu gwajin farko na kwashi takardu zuwa gida, na zauna dubawa, sai jikina ya yi sanyi. Da yawa daga cikinsu ba su rubuta kome ba sai sunansu, waɗansu ko sunan ma bai fita ba. Washegari na kira wata yarinya da ke zama a gaba, wadda muryarta ta fi ta kowa tashi, na ce ta nuna mini kalmar "gida" a shafin da muka karanta jiya. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ɗora yatsa a kan wata kalma dabam, ta ɗago tana kallona ko ta dace. Ashe duk kwanakin nan bakina suke bi, ba baƙaƙen ba.

Na tafi wurin malamar da ta riƙe su a aji 3, wadda bango ɗaya ne ya raba ajina da nata. Ta ce, "Ayya, ƙanwata, ai da kin tambaye ni." Nan take ta zayyana mini su ɗaya bayan ɗaya: wance ta iya baƙaƙe amma ba ta iya haɗa su ba, wane kunnensa ɗaya ba ya ji sosai sai an zaunar da shi gaba, wance kullum sai ta makara domin sai ta gama tallar koko. Abin da na ɓata rabin zango ban gano ba, ga shi a bakinta tun tuni. Ba ta ɓoye mini ba. Ni ce ban tambaya ba, kuma ba a taɓa ware wata rana da malamai za su zauna su yi irin wannan magana ba.

Yadda zaman ya samu

Akwai wata dattijuwar malama a makarantarmu, ta kusa ajiye aiki, dukanmu Inna muke ce mata. Da na kai mata kuka sai ta ce, "Ɗiyata, kin taɓa ganin manomin da ya bari sai ruwan shuka ya sauka sa'an nan ya tafi neman iri? Mu ne kaɗai muke yin haka. Sai an buɗe makaranta muke fara tambayar me za a koyar."

Ita ce ta kai maganar gaban shugaban makaranta, ya yarda ya ba mu ɗaki. Muka shirya za mu riƙa haɗuwa kowace Talata cikin watan Agusta, daga hantsi zuwa azahar. Na sanar wa waɗansu ƙawayena da muka yi kwaleji tare ta WhatsApp, suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Da yake Jega mararraba ce, na Aliero suka biyo hanyar Sakkwato, na Maiyama suka biyo ta Yawuri, aka haɗu a tsakiya. Malamai maza su ma suka zo suka zauna a nasu gefen. Ba wanda ya biya mu ko kwabo. Wannan ta zo da dafaffiyar masara, waccan ta zo da gyaɗa, aka yi abin kamar gayya.

Talatar farko: miƙa aji

Aikin da muka fara da shi muka sa masa suna miƙa aji. Kowace malama ta zo da rajistarta, ta zauna da wadda za ta karɓi yaran, a bi suna ɗaya bayan ɗaya. Ba cewa ake yi wane yana da ƙoƙari wance daƙiƙiya ce ba, Inna ta hana wannan tun daga farko. Abin da ake faɗi shi ne inda yaro ya tsaya. Ya san baƙaƙe da wasula? Ya iya haɗa gaɓa? Ya iya karanta jimla ya faɗi ma'anarta? A lissafi ya wuce tarawa da ɗebewa, ko har yanzu sai ya ƙirga da yatsu? Sa'an nan a ƙara da abin da ya kamata a sani na lafiyarsa da halin gidansu, amma da sharaɗin maganar ba ta fita daga ɗakin.

Da muka gama kowa ta raba ajinta kashi 3 a takarda: waɗanda suka iya karatu, waɗanda suke hanya, da waɗanda sai an koma da su farko. Muka yanke shawara cewa mako 2 na farkon zango ba za a taɓa sabon littafi ba sai an gwada kowane yaro shi kaɗai, a tabbatar da abin da aka rubuta a kansa. Kuma kowace safiya za a ware rabin sa'a domin kashi na uku, ko da yaro yana aji 5 ne. Gara ya ji kunyar komawa kan baƙaƙe yanzu da ya fita makaranta da takarda a hannu ba ya iya karanta ta.

Talata ta biyu: ƙirga kwanaki

Shekarar karatu zango 3 ce, kowane zango kuwa wajen mako 13 ne a takarda. To, amma da muka ɗauki alli muka yi lissafi a allo sai muka ga abin ba haka yake ba. Makon farko yakan tafi wajen shara da nome ciyawar da damina ta tsirar a fili, da jiran yara su gama dawowa. Mako 2 na ƙarshe na bita ne da jarrabawa. Ga ranakun hutun gwamnati, kamar 1 ga Oktoba. Kafin ka ankara 13 ta koma 9 ko 10.

Bayan wannan kuma ga al'amuran ƙasarmu, waɗanda mai rubuta manhaja a Abuja bai san da su ba. Ana buɗe makaranta ne daidai lokacin girbin gero, daga baya shinkafa da dawa su biyo. Malaman Aliero suka ce su kuma da rani, lokacin cirar albasa, aji yakan rage. Ranar kasuwar Jega kowa ya san 'yan mata nawa ke ɓacewa. Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma a 2025 Jihar Kebbi, tare da Kano da Katsina da Bauchi, ta rufe makarantu cikin watan azumi. Ga ruwa: wanda ya ga ambaliyar 2020, yadda ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan ta yanke hanyoyi, ya san watan Satumba ba shi da tabbas ga mutanen bakin gulbi.

Saboda haka muka zana shekarar duka a babban kwali, muka sa alama a makonnin da aji kan cika da waɗanda yakan rame. Darussa masu wuya, waɗanda in yaro ya rasa su ba ya gane na gaba, kamar rabawa a lissafi, muka kai su makonnin cika. Bita da maimaici muka bar su ga makonnin rama. Abu ne mai sauƙi, amma ni dai ban taɓa yin tunaninsa ni kaɗai ba.

Talata ta uku: gwajin darasi

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar sabuwar manhaja, ta rage yawan fannonin da ake ɗora wa yara, har aji 1 zuwa 3 na firamare suka koma fanni 9 ko 10. Takarda irin wannan in kowace malama ta karanta ita kaɗai, fahimta goma za a samu a makaranta ɗaya. Muka karanta tare, muka raba aikin rubuta tsarin darussa, kowa ta ɗauki fannin da ta fi ƙwarewa a kai, ta rubuta wa sauran.

Sa'an nan aka zo wurin da ya fi ba da dariya. Malama ɗaya ta tashi ta koyar, sauranmu muka zama yara. Inna ta ce ita ce yarinyar da ba ta ganewa, duk abin da aka faɗa sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ban gane ba." Da aka zo kaina na yi bayani sau 3 tana cewa ba ta gane ba, har gumi ya karyo mini. Daga nan na lura ashe kalmomin nan dai nake ta maimaitawa, murya kawai nake ƙarawa.

Wata malama daga Aliero ce ta fisshe ni. Ta fito da albasa 12 daga jakarta ta zube a tebur, ta ce, "Inna, ga masu saye 3, kasa musu daidai." Nan da nan aka yi kashi 3, kowane da albasa 4. Ta ce, "To, abin da kika yi shi ne wannan," sa'an nan ta rubuta a allo. Ta ce mana yarinyar da ke talla tana ba da canji ba ta kuskure ko na naira ɗaya, don me za mu ce ba ta iya lissafi ba? Ta iya, rubutunsa ne ba ta sani ba. Aikinmu shi ne mu fara daga abin da ke hannunta.

Ragowar ranar muka yi ta yanka kwalaye muna rubuta baƙaƙe, musamman masu lanƙwasa da ke rikita yara, domin su bambanta baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari. Muka tara marafan kwalba da guntayen kara na ƙirga. Duk abin da muka yi amfani da shi ba wanda ba a samu a bola ko a bayan gida.

Ba mu muka fara ba

Kada ku ce wani sabon abu ne muka ƙago. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru a ƙasar nan tamu. Mata malamai, waɗanda ake kira jaji, sukan taso daga ƙauyuka a ƙasa tare da ayarinsu, su zo wurinta su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan garinsu. Takan naɗa wa jaji malfa da jan rawani, alamar an yarda da ita. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin. Watau tun wancan zamani an san mai koyarwa ita ma tana bukatar inda za ta koma ta ƙaro, ta ji abin da 'yan'uwanta ke ciki. A zamanin boko kuma, tun 1939 aka buɗe makarantar horon malamai mata a Sakkwato.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar suna da wani tsari da suke kira CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna kan taru lokaci lokaci su tattauna yadda ake koyarwa. A ƙasar Japan kuwa fiye da shekara 100 ke nan malamai suna shirya darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar sauran su zauna su kalli yadda yara ke ɗauka, a dawo a gyara. Abin da ya haɗa su duka guda ne: ba a barin malami shi kaɗai da allonsa.

Talata ta huɗu: waɗanda suka ɓace

Wannan rana ba a yi dariya ba. Muka jera rajistu daga aji 1 zuwa aji 6, muka bi sunayen 'yan mata. Sai ka ga suna yana tafe shekara da shekaru, a aji 4 ya fara tsalle, a aji 5 ya ɓace, ba wanda ya rubuta dalili. Malamar da ta karɓi ajin ba ta san da yarinyar ba balle ta neme ta, wadda ta sani kuwa ta riga ta karɓi waɗansu yaran. A tsakanin malama da malama yarinya ke faɗawa. Haka kuma waɗanda suka gama aji 6, ba mu san ko nawa ne suka shiga ƙaramar sakandare ba, alhali kuwa dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma tilas ne, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Shirin nan ma a Sakkwato aka ƙaddamar da shi a 1999.

Muka raba sunayen unguwa unguwa, mu mata muka shiga gidaje bibbiyu, maza suka sami iyaye maza a zaure. Wata uwa ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta saurare mu har muka gama. Sa'an nan ta ce, "Malama, ba na ƙi ba ne. Shekara 5 tana zuwa, ko saƙon waya ba ta iya karanta mini ba. In ta ɗauki talla kuwa da yamma ina ganin abin da ta kawo." Na rasa abin da zan ce mata, domin gaskiya ta faɗa. Abin da na iya kawai shi ne na roƙe ta ta ba mu zango ɗaya, in yarinyar ba ta fara karatu ba ta kama ni da laifi. Ta ce za ta shawarci maigidan. Har yau da nake wannan rubutu ban ji amsa ba, amma na rubuta sunan yarinyar a rajistata da fensir.

Waɗansu iyayen kuma tsoro ne ya hana su, tun abin da ya faru a Birnin Yawuri a 2021 da Maga a 2025, inda aka kwashe 'yan makaranta. Wannan ba abin da malama za ta ce wa uwa ta manta ba ne. Iyakar abin da ke hannunmu mun yi: mun tattara lambar wayar kowane gida, mun tsara wanda zai riƙa tsayawa bakin ƙofa safe da lokacin tashi, mun kuma rubuta wa kwamitin kula da makaranta maganar katanga.

Abin da ya rage gare ku

Ba zan ɓoye muku ba, zaman yana da wahala. Malama ita ma matar aure ce, tana da girki da goyo, waɗansu suna da gona. Akwai wadda ta zo sau ɗaya ba ta sake dawowa ba saboda kuɗin mota, ban kuwa ga laifinta ba. Ya kamata hukumomin ilmi su mai da wannan zama cikin aiki, su ware masa kwanaki da ɗan abin hawa. Amma kafin nan, ga abin da muke roƙo a wurinku.

Na farko, ku turo yara ran da aka buɗe makaranta, kada ku ce sai karatu ya kankama. A mako 2 na farko ne za mu gwada kowa mu san inda za mu ajiye shi. Wadda ta zo a mako na uku ta sami an riga an raba.

Na biyu, tun yanzu a duba kayan makaranta, a ɗinke wanda ya yage, a tanadi littafin rubutu da fensir kaɗan kaɗan, kada a bari sai daren komawa.

Na uku, in akwai abin da ke damun yarinya, ko ciwon ido, ko rashin ji, ko fitsarin kwance da ke sa ta jin kunya, ki zo ki faɗa wa malamarta a asirce. In ba ki fita, ki aiko a kira mu, za mu zo.

Na huɗu, in talla ta zama dole, a mai da ita bayan an tashi. Kuma kowane dare ki ce ta karanta miki abin da aka yi yau, tana nuna kalma da yatsa. Ko ba ki iya boko ba za ki gane mai karatu da mai hadda.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, kada ku jefa littattafai ƙarƙashin gado sai ran komawa. Ku tara ƙannenku da yamma ku yi musu makaranta, domin wanda ya koyar shi ya fi riƙewa. In kun san wata ƙawarku da ake shirin cirewa, ku gaya wa malama tun da wuri. Wadda kuma take sha'awar aikin koyarwa a cikinku, ta sani ba tsayuwa gaban allo ne kaɗai aikin ba. Rabinsa ana yinsa ne lokacin da ajin ba kowa.

Jiya maƙwabciyar tawa ta sake leƙowa, ta tarar ina yanka kwali. Ta tsaya tana kallo, can ta ce, "Malama, 'yar wajena aji nawa ma za ta shiga?" Na ce aji 3, na kuma gaya mata wadda za ta riƙe su, da inda yarinyar ta tsaya a karatu. Ta yi shiru, sa'an nan ta tafi ta dawo da kwalaye 2 na sabulu ta miƙo mini ta katanga.

Allah ya kai mu ranar buɗewa lafiya. Sai mako mai zuwa.